Carafken Inna

Da aka sallamo Inna daga asibiti bayan shanyewar ɓarin jiki, magana ta dawo, ƙafa ma tana ɗan ja, amma hannun dama ya ƙi. Nan rigima ta tashi, domin Inna ta rantse ba za ta kai abinci baki da hagu ba. Ta ce tun tana 'yar mitsitsiya a Lajawa aka doke mata hannun nan a bakin akushi, ba da furfura za ta koma ba. In kuma na gutsuro tuwo zan ba ta, sai ta kau da kai, wai ita ba jaririya ba ce. Koko kawai take kurɓa, shi ma sai an yi da gaske. Ina ji ina gani mahaifiyata tana ramewa, har zani ya yi mata yawa. Tsoro ya kama ni sosai.

Mai gashin ƙashi ta ba mu ƙwallon roba, ta ce a riƙa matsawa kullum. Inna ta dubi ƙwallon, ta ce a kai wa yaran maƙwabta.

Ni malamar firamare ce a Sabon Gari, kuma taurin kai ba baƙona ba ne. Ɗalibin da ya ƙi lissafi a allo, da murafen kwalba nake kama shi. A wurin Inna ma na ga dabarar, don da carafke ta koya mini ƙirga. Sai na je bakin kogi na tsinto tsakuwoyi masu santsi, na zauna a tabarmarta. Na watsa su, na cilla ɗaya sama, na wawuri ta ƙasa, na cafe. Da gangan na taɓa ta kusa, na wuce kamar ban gani ba.

"Ke Malama, kin taɓa! Maguɗi a gabana?"

"Ni ban taɓa ba, Inna."

"Kin taɓa mana. Miƙo nan."

Ta miƙo hagu. Na ce, "Carafke da hagu? Haka ake yi a Lajawa?" Ta harare ni, ta ce in rufe ƙofa kada a shigo a ga tsohuwa tana wasan yara. Sannan ta ɗauko hannun daman da na hagu, ta ajiye shi a kan tabarma.

Da farko tura tsakuwa kawai take iyawa. Sai na kafa doka: wadda ta faɗi, wadda ta ci za ta ba ta loma a baki. Inna ta yi tsaki, amma ta yarda, tunda ba ciyarwa ba ce, tara ce. Haka take buɗe baki tana mita, tana cewa in jira ranar da za ta rama. Sannu a hankali yatsun suka fara tsinke tsakuwa, gwiwar hannun ta fara ɗagowa. Maguɗin da ta zarge ni da shi kuwa, ita ta fi kowa, har ƙarƙashin zani take tura tsakuwar da ta gagare ta. Kumatunta suka ɗan ciko.

Wata Juma'a bayan la'asar ta kwashe tsakuwoyin duka, ta cafe ta sama a tafinta. Ni kuwa mamaki ya sa tawa ta suɓuce. Ta ja kwanon tuwo da miyar kuka, ta yi bismilla, ta sa hannun dama. Hannun yana rawa, miya tana ɗiga a tabarma, amma ya tashi.

"Inna, kai bakinki. Don Allah ki kai bakinki."

"Ke kika kafa dokar. Buɗe baki."

Na buɗe. Na haɗiye lomar da hawaye, ita tana ta dariya, wai gobe ma sai ta cinye ni.

Kafin wata Juma'ar ciwon ya dawo, ya kama harshe da hannun gaba ɗaya, kuma a wannan kwanciyar Allah Ya karɓi abinsa. Allah Ya jiƙan Inna. Har yau abin yana ci mini rai. Duk wahalar da muka sha don hannun nan ya kai abinci bakinta, loma ɗaya ya ɗaga, ita ma ni ta ba.