Baƙin Garin Abdulwahab

Allah ya jiƙan Abdulwahab. Ko kaza bai taɓa yankawa ba, amma sai da rabin unguwa a Old Maiduguri suka daina amsa sallamarsa da sakin fuska.

Digiri na biyu yake yi a fannin fiziks. Aikinsa shi ne ya je Baga Road ya roƙi ƙasusuwan kifin da ake zubarwa, ya ƙona su cikin gwangwani a rufe, ya niƙa su zama baƙin gari. Yakan ce kowace ƙwayar garin cike take da ramukan da ido ba ya gani, su ne ke kama dattin ruwa. Kowane rukuni da zafin wutarsa, kowane da kwalbarsa. Na'urar da ke haska garin ta faɗi abin da ke cikinsa ta lalace a sashensu, don haka dole ne ya kai kwalaben Zariya. Aikin shekara guda ne, kuma da shi zai kammala karatu.

To amma a garin nan, saurayi mai rufe ƙofa yana ƙona abu a gwangwani ba ya burge kowa. Hajja Kaltumi, mai gidan da yake haya, ta rasa ɗanta a lokacin tashin hankali. Da farko tuwo take aika masa. Daga baya ta daina, ta koma zama a zaure tana bin jakarsa da ido.

"Ɗan nan, me kake dafawa da ba a ci?"

"Hajja, bincike ne."

"Waɗancan ma karatu suka ce suna yi."

Ya yi mata bayani iya ƙoƙarinsa. Yana ƙara bayani, tana ƙara ja da baya.

Ranar da zai tafi tasha, yana fitowa ya tarar da Bulama, mai unguwarmu, da 'yan sintiri a ƙofar gida. Hajja na bayansu, ta ƙi haɗa ido da shi.

"Malam Abdulwahab, buɗe jaka," in ji Bulama.

Ya buɗe. Ya ɗauki kwalba ɗaya, ya zuba garin a tafin hannu ya lashe.

"Gawayi ne kawai, Baba Bulama. Ga shi na ci."

Wani ɗan sintiri ya yi dariya. "Ai ka san wacce ka zaɓa, malamin kifi. Sauran fa?"

Hajja ta kawo faranti. Ta ce a juye duka wuri ɗaya a jefa ashana, kowa ya gani.

"Hajja, don Allah a gwada ɗaya bayan ɗaya. In suka haɗu ba sa rabuwa."

"Ka ji ko?" in ji ɗan sintirin. "Tsoro yake kada su haɗu."

Abdulwahab ya dubi fuskokinsu. Ya gane in ya ƙara kalma ɗaya, ba zai sake kwana a unguwar ba, wataƙila ma a tsare zai kwana. Da hannunsa ya buɗe kwalaben, ya juye su. Mutane suka ja baya. Ashanar ta faɗa cikin garin, ta yi ɗan hayaƙi, ta mutu.

"To, alhamdulillahi," in ji Bulama. "Kwashe kayanka ka tafi, kada mota ta bar ka."

Har ga Allah ya ɗauka alheri ya yi masa. Abdulwahab ya zubar da garin. Ya wanke farantin, ya miƙa wa Hajja, ya koma ɗaki.

Sallama ta dawo, tuwo ma ya dawo. Shekarar ce ba ta dawo ba. Abokan karatunsa suka gama, shi ya koma Baga Road roƙon ƙashi. Bai kai rabi ba zazzaɓi ya kwantar da shi, bai tashi ba.

Bulama na sahun gaba da aka yi masa salla. A wajen zaman makoki Hajja ta yi kuka har muryarta ta dishe. Duk wanda ya shigo yi mata gaisuwa sai ta riƙe hannunsa ta ce, "Ya roƙe ni ɗaya bayan ɗaya. Me zai rage ni da na yarda?"