Akwatin da Na Ajiye a Bayan Rauta

Ni mutum ne mai son a ce na iya. Shi ya sa da muka ja intanet a gidanmu na Sauka Kahuta, na ƙi barin rauta, na’urar da ke raba wa wayoyinmu intanet ɗin, yadda kamfani ya saita ta. Shafi sai ya yi ta juyi kafin ya buɗe, talla kuma ta addabi wayoyinmu. Na ce ai laifin DNS ne.

Matata ta tambaye ni ko wane ne shi kuma. Na ce mata kamar mai shagon bakin layi ne da baƙo ke tambaya kwatance: waya ta faɗi sunan shafi, shi ya nuna mata hanya. Ta yi dariya ta ce, “To, Baban yara, Allah Ya sa ba magulmaci ba ne.”

Na gwada na kyauta guda biyu da kowa ke sawa, ba su toshe talla ba. Sai na ɗauko wata tsohuwar ƙaramar kwamfuta mai kama da akwati daga shagona na gyara, na mayar da ita DNS ɗin gida, na rubuta lambarta a rauta, na cusa ta a bayan rautar. Wajen saitawa aka tambaye ni ko a riƙa ajiye sunan duk shafin da kowace waya ta nema. Na danna e. Talla ta ɓace, aka yi ta yaba mini, zancen ajiyar kuwa ban yi wa kowa ba.

Da farko cewa na yi don yara nake dubawa. Ƙarya ce, daɗin leƙen nake ji. Bayan la’asar, kafin ta dawo daga rumfarta ta atamfa a Kasuwar Kure, sai in buɗe jerin in ga abin da wayarta ta nema da safe bayan na fita. Shafukan yadi ne da na girki.

Wata Talata na ga sunan wani shafi na masu sankarar mama. Na ce ƙila wata ƙawarta ce ba lafiya. Washegari suka zama huɗu, har da na wani asibiti. Akwatin ba ya nuna abin da mutum ya karanta, suna kawai yake nunawa da lokaci, amma ni ba yaro ba ne. Na ga ta rage cin abinci, na ga ta daina canza riga a gabana.

Tambaya ɗaya ce ta rage mini in yi mata. Amma in na yi, za ta ce ta yaya na sani, kuma sai na faɗa. Kunyar wannan ta fi mini nauyi a kan tsoron da take ciki ita kaɗai. Mako bakwai ina buɗe jerin kullum, ina rufewa, ina tambayarta ya kasuwa.

Ranar da ta gaya mini ta ji ƙullutu a mamanta, har dafe ƙirji na yi kamar sabon labari. A asibiti likita ya tambaye ta tun yaushe ta ji ƙullutun. Ta ce ba ta riƙe ba. Ni na riƙe, har da ƙarfe nawa, amma na yi shiru. Ya ce da mun zo da wuri, da aikin bai kai haka girma ba.

An yi mata aiki, tana nan da ranta, alhamdu lillahi. Na goge jerin, na kashe ajiyar, akwatin kuma na bar shi yana toshe talla, don har yau tana yi wa maƙwabta alfahari da shi.

Ranar da aka sallamo mu, ina gyara mata matashi, ta riƙe hannuna ta ce, “Baban yara, ka yafe mini da na ɓoye maka. Ban so hankalinka ya tashi ba ne.”

Na buɗe baki na ce mata, “Ba komai, na yafe.”