Takardar da ban kai wa Yaya Isifu ba

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Ina cikin buɗe shago a Alabar da safen nan, ban ma gama jera zannuwa ba, aka ce min Yaya Isifu ya rasu. Isifu mai ɗaukar hoton ƙashi a asibitin nan na wajen Tafo.

Wallahi kaina ya kulle. Ga takardar hoton ƙirji a jakata tun wata biyu, shi ya matsa min na je wurin likita aka rubuto ta saboda tarin da ya ƙi barina. Kullum gobe, gobe. Yanzu wa zan kai wa?

Ba uwa ɗaya ba uba ɗaya, amma gida ɗaya muka tashi, shi ya sa nake ce masa Yaya. Duk unguwarmu ta Zongo in an yi wa mutum hoto, ko a wane asibiti ne, gidansa ake kaiwa. Sai ya ɗaga shi saitin taga ya yi ta nuna maka da biro. Ya ce hasken yana ratsa nama ya wuce, ƙashi kuma ya tare shi, shi ya sa ƙashi ke fitowa fari, huhu kuwa baƙi don iska ce a ciki. Yana gamawa sai ya ce shi fa ba likita ba ne, ka koma wurin wanda ya aiko ka.

Ba zan manta shekarar da na zame daga matakalar motar haya ta trotro a Adum ba, ƙuguna ya riƙe. Surukata Mma ce ta raka ni asibiti. Ina da ciki wata biyu, kuma kun san mu, ƙaramin ciki ba a faɗinsa ko da wuƙa a wuya, balle gaban uwar miji. Nas ta tambaye ni, na ce babu.

Da muka shiga ɗakin hoton sai Yaya Isifu ya dube ni, ya ce wa Mma don Allah ta sayo min ruwa a bakin get. Tana fita ya rage murya.

"Rakiya, ni ba zan faɗa wa kowa ba. Amma hasken nan bai san kunya ba."

Na sunkuyar da kai. Bai kunna injin ba, ya mayar da ni wurin likita aka duba ni ta wata hanyar. Daga baya na ji ashe haka yake yi wa kowace mace, 'yan rakiya nawa ya aika sayen ruwan da ba a buƙata, Allah kaɗai ya sani.

To ga abin da ya ruɗa ni. Na je gidan gaisuwa kafin azahar. A tsakar gida wata ta ce injin ne ya cinye shi a hankali, shekara da shekaru yana tsaye kusa da shi. Wata ta ce jininsa ne ya ƙone. Matarsa Hajiya Fati kuma ta ce min hawan jini ne, ya daɗe da shi, jiya ya faɗi a banɗaki. Na yarda da Hajiya. Amma na fito ina jin maganar matan nan a kunnena.

Shi da kansa bai taɓa cewa hasken ba shi da illa ba. Bayan bango yake laɓewa kafin ya danna. Akwai wata riga mai nauyin tsiya ta darma da yake rataya wa mai riƙe mara lafiya, da wani ɗan abu a aljihun rigarsa mai auna hasken da ya shige shi. Idan abin ba ya cutarwa, me ya sa yake ɓuya? Idan kuma yana cutarwa, me ya sa yake tura ni?

Na yi masa wannan tambayar ranar Juma'ar da ta wuce, ganinmu na ƙarshe. Ya tsaya a shagona ya ji ina tari, ya ɓata rai. Ya ce ni sau ɗaya zan tsaya, shi kuwa kullum yana ɗakin, taruwar abin ake gudu.

"Hoto ɗaya bai kai abin da kike ɓoyewa a ƙirjin nan haɗari ba. Ki zo Litinin, ni zan ɗauka."

Na ce masa to. Litinin ta zo ban je ba, na ce kasuwa.

Abin da ban faɗa masa ba, ban faɗa wa maigidana ba, shekaranjiya na yi tari na ga jini a hankici. A nan na fara faɗa, ban ma san dalili ba.

Har yanzu tsoron injin nake ji, ba zan yi muku ƙarya ba. Amma gobe da safe zan rufe shago in je, ko hannun wa zan faɗa.

Allah ya jiƙanka Yaya, ya yafe maka, ya haskaka kabarinka, ya ba Hajiya Fati haƙuri. Duk wanda ya karanta, don Allah ya yi masa Ƙulhuwallahu ko ƙafa uku ne. In kun gama ku saka ni a ciki, ban san abin da hoton zai nuna ba, kuma mai ɗaga min shi saitin taga an kai shi maƙabartar Tafo ɗazu bayan la'asar.