Yaya Rabi da Littafin Mayya

Bana shekara ashirin da biyu ke nan da rasuwar yayata, Malama Rabi. Duk sanda watan ya zagayo, ba jinyarta nake fara tunawa ba, sai wata la'asar a Jajaye da wani ɗan littafi ya kusa jawo a kashe mutum.

A farkon shekarun 1990 ne aka yi wa mijinta, malamin firamare, canji daga Ƙaraye zuwa Jajaye. Ita kuma ta buɗe wa matan aure ajin yaƙi da jahilci a tsakar gidanta. Ni ina aure a Rogo, nakan je mata kwana biyu. In an tashi daga darasi takan karanta musu littafin hira, don su ji daɗin boko. Wannan littafin a kasuwar Ƙaraye aka sayo mata shi. Labarin wata tsohuwa ce mai daddawa, mayya, da ke kama kurwar yara tana ɗaurewa a kogon tsamiya. Marubucin ya iya tsoratarwa. Da rana tsaka na ga mata suna matsowa jikin juna.

To, a unguwar akwai Inna Delu, tsohuwa mai daddawa, ba ta da kowa sai 'ya ɗaya da ke aure a Falgore. Bayan gidanta kuma akwai tsamiya. Labari ya fita daga wannan gida zuwa wancan, a hanya aka yar da "in ji littafi". Aka daina sayen daddawarta, yara suka daina bi ta ƙofarta.

Da bazara ɗan Malam Idi, maƙwabcin su Yaya, ya kwanta da zazzaɓi, wuyansa ya ƙage, yana ta sambatu. Wata ta ce ta ji ya kira sunan Delu. Ina gidan Yaya ranar, mijinta ya tafi taron malamai. Sai muka ji ihu. Maza da sanduna sun jawo tsohuwar, wai sai ta tuɓe ta tsallake yaron, ta saki kurwarsa, in ba haka ba su gama da ita.

Yaya ta yafa mayafi ta fita, na bi ta. Ta ratsa mazan nan har tsakiya.

"Malam Idi, wa ya ga ta kama shi?"

"Ke kike tambaya, Malama? Ai daga gidanki aka ji."

"Daga gidana aka ji, kuma ƙage ne. Wanda ya rubuta shi bai taɓa taka garin nan ba. In mai laifi kuke nema, ni na karanta, ku fara da ni."

Ta zauna a ƙasa kusa da Inna Delu, ta rufa mata rabin mayafinta. Wani ya jefo hoge ya sami Yaya a kafaɗa, ba ta ko waiwaya ba. Sai Yaya ta sassauta murya ta ce, "Malam, ɗanka na kwance kana nan riƙe da sanda. Don Allah a nemo mashin a kai shi asibiti."

Kafin mai unguwa ya iso, sanduna sun fara sauka. Aka kai yaron asibiti a Ƙaraye, aka ce sanƙarau ne. Ya rayu, sai dai kunnensa ɗaya ya daina ji. Inna Delu kuwa ta ɗaure kayanta ta koma Falgore, ba ta sake kwana a Jajaye ba.

Na ce da Yaya a ƙone littafin. Ta ƙi. Ta ce, "Don ya tsorata mu bai yi laifi ba, aikinsa ke nan. Laifinsa, har aka gama da tsohuwar cikin labarin bai bar ta ta buɗe baki ba." Da aji ya dawo ta sake karanta shi tun daga farko, tana tsayawa tana tambaya: wa ya gani? Me mayyar za ta ce da an tambaye ta? Wasu mazan suka hana matansu zuwa, ta ci gaba da waɗanda suka rage.

Yau irin labaran nan a waya ake sauraronsu, kuma nakan ga bidiyon tsohuwa an kewaye ta, masu ɗauka sun fi masu ceto yawa. Na san Yaya ba za ta ce a daina rubutu ba. Tambayoyin nan dai za ta sake yi, ko da ita kaɗai ce a wurin.

Yaya ba ta bar wa magada gida ba, ba ta bar gona ba. Amma ranar da ta rasu, muna shirin wanka, wata mata da ban sani ba ta yi sallama, ta ce daga Falgore take, 'yar marigayiya Delu ce. Ta durƙusa ta roƙe mu alfarma ɗaya, a bar ta ta zuba ruwan. Ita ta zuba. Allah Ya jiƙan su duka.