Ƙwan Zabi na Likitan Malumfashi

Ana sallame sallar asuba muka bar Funtua, ni da gwaggon maigidana, wadda yanar ido ta rufe mata ido ɗaya tana neman cin na biyun. An daɗe ana lallashinta ta je asibiti, ta ce in ba na Malumfashi ba, a bar ta da idonta, don a can wani Bature ya yi mata maganin sanƙarau tana budurwa.

Direba ya cusa mu huɗu a kujerar mutum uku. Gwaggo ta rungume ƙwaryar ƙwan zabi da ta jera cikin dusa, tsarabar likita. A zamaninsu, in ji ta, ba a zuwa wurin Bature hannu rabbana. Duk ramin da motar ta faɗa, ƙwan take fara yi wa addu'a kafin mu. Masara ta yi kyau bana, tubarkalla. A Bakori na sayi gasasshiya, ga gonarta nan bakin titi, amma tsadarta kamar daga Legas aka kawo ta.

Asibitin yana da tsohon sashe mai doguwar baranda da manyan tagogi. Wani dattijo da muke layi tare ya ce Turawa suka tsara shi, har yankar kati da raba ɗakin maza da na mata, daga baya gwamnati ta karɓa. Na lura firjin alluran rigakafi ma rubutun wata ƙasa ne a jikinsa.

Da layi ya zo kanmu, sai ga likita yarinya ce da hijabinta, 'yar Danja. Gwaggo ta ja mayafi ta rufe fuska, ta ce a kira mata Baturen, in ba haka ba mu tashi.

"Iya, ya koma garinsu tun ba a haife ni ba," in ji likitar. "Amma irinsu suka koyar da malamanmu."

Gwaggo ta tambayi sunan mahaifinta da sana'arsa. Da ta ji manomi ne, ta yaye mayafin. Aka duba, aka sa mana ranar aiki, ita kuma ta juye wa likitar ƙwan zabinta.

La'asar sakaliya muka iso gida, alhamdulillahi. Abin da na fahimta a tafiyar nan, baƙo kan kafa abu ya tafi, ɗan gida ke riƙe shi. Maigidana ya ga ƙwaryar wayam, ya tambayi Gwaggo ko ta sami Baturenta.

"Ya tafi," ta ce. "Amma ya bar iri."