Barmo da Waifar Ƙarƙashin Gado

Duk wanda ya zauna a unguwar Dengfeng ta birnin Guangzhou a ƙasar Cana gab da shekarar dubu biyu ya san Barmo, in ma bai san shi ba ya san motar. Wata baƙar tsohuwa ce mai dogon hanci, irin wadda manyan ma'aikatan Cana suka hau suka gaji tun muna firamare. Ta wani dattijo ce Musulmi ɗan Cana mai sito a unguwar Liwan, wanda muke kira Laoban, wato maigida. Barmo ke jan ta, yana kai Alhazan Kano kasuwa yana dawo da su masauki.

Direban tashar Unguwa Uku ne, Kano zuwa Kaduna, har wani Alhaji ya taho da shi Guangzhou don ya riƙa tsaya masa kan lodi. Alhajin ya koma, shi ya maƙale. Mutum ne mai tattalin mota har ya ba ka haushi. Ba a cin gyaɗa a cikinta, ba a buga ƙofa. Kuma yana da wata al'ada da ya taho da ita daga tasha: da damina ta ɗauke sai ya kwance waifa, masu share ruwan gilashi, ya shafe su da giris, ya naɗe a tsumma ya adana, don kada rana ta cinye robar.

Da ruwa ya ɗauke a shekararsa ta farko a nan, haka ya yi, ya tura su ƙarƙashin gado. Ni da na riga shi zuwa, ina harkar takalma a titin Zhanxi Lu, na ce masa, "Barmo, garin nan fa sanyinsa da ruwa yake zuwa."

Ya ce, "Ja'afaru, Bazazzagi ne zai koya wa Bakano mota? Ina ka taɓa ganin ruwa da sanyi? Je ka sayar da takalminka."

Abin haushi, sama ta goyi bayansa wata da watanni, ko ɗigo babu. Kullum sai ya nuna min ita da baki.

Ya baro matarsa Madina da ciki, ta haifi 'yarsu ta fari bayan tahowarsa, bai taɓa ganin yarinyar ba. Da ƙyar ya haɗa musu takardun zuwa. Wani Alhaji Maidaji ya rako su har Hong Kong, ya sa su a jirgin ƙasa, shi ya tsaya can kan harkokinsa. Madina ba Turanci, ba Canisanci, ba ta taɓa wuce Zariya ba. Kuma ana gab da bikin sabuwar shekarar 'yan Cana, lokacin da tashar jirgi ke komawa kamar filin Idi. In ta sauka ba ta ga mijinta ba, ba ta da bakin tambayar kowa, ba ta da inda za ta nufa.

To, ranar isowar tasu ce aka tashi da yayyafi. Siririn ruwa mai naci, ga sanyi mai shiga ƙashi.

Barmo ya faɗo ɗakina ba ko sallama, tsumman waifa a hannu. "Taso ka riƙe min lema."

Na so in yi masa dariya, na dubi fuskarsa na fasa. Muka sauka. Ya ɗaura waifar, ya shiga ya murɗa makunninta. Shiru. Ya sake murɗawa. Ko motsi.

"Fiyus ne," in ji shi. Ya tsuguna ƙarƙashin sitiyari ya zaro, lafiyarsa ƙalau. Ya buɗe bonet, ya kankare bakin waya da haƙori, ya mayar. Sai injin waifar ya yi wani gurnani kamar tsohon rago, hannuwan suka ɗaga rabi suka tsaya cak a tsakiyar gilashi. Watanni ba a motsa su ba, tsohon man da ke gaɓoɓinsu ya daskare da sanyi.

Na ce, "Bar ta, mu tari tasi."

Muka fita bakin titi. Kowace a cike. Ɗaya da ta tsaya, da direban ya ji tashar jirgi sai ya kaɗa hannu, "Meyo, meyo," wato babu, ya ja abarsa. Barmo ya dubi agogo ya dube ni. Wallahi ban taɓa ganin tsoro a idonsa ba sai ranar.

Muka koma muka shiga motar a haka. Ba mu yi nisa ba gilashi ya rufe. Ya miƙa hannu ta taga ya ja waifar da ƙarfi, sai girisin da ya shafa mata ya bi gilashin ya yi dame-dame. Da ba mu gani sosai, yanzu ba mu gani sam. Fitilun motoci suka zama jajayen tabo. Wani mai keke ya gilma ta gabanmu, Barmo ya taka birki, goshina ya daki gilashi.

"Innalillahi! Za ka kashe wani ka kashe mu!"

Ya gangara gefe. Ya cire hularsa ya hau goge girisin da ita, hular da ya saya musamman don taryar matarsa. Yana gogewa yana magana shi kaɗai: "Yanzu sun iso. Yanzu tana dube-dube. Yarinyar nan ko rigar sanyi ba ta da ita."

Na ce masa jirgi kan yi latti. Ni kaina ban yarda da maganar ba.

Can ya hango buhun samfurin takalmana a kujerar baya, wanda na bari tun jiya. "Zare min igiyoyin takalman."

"Na kwastoma ne fa!"

"Ja'afaru, don girman Allah."

Na zare. Ya kwance ƙarfen da ya haɗa waifar da injinta don ta saki, ya ƙulla igiyoyin suka yi tsawo biyu, ya ɗaura a hannuwan waifar. Ɗaya ya zuro ta tagarsa, ɗaya ta tawa. "In na ja ka saki, in na saki ka ja."

Haka muka hau titi, tagogi a buɗe, ruwa na feso mu. Shi sitiyari a hannu ɗaya, igiya a ɗaya, in zai sa giya sai ya cije ta da baki. "Ja! Saki! Kai wane irin mutum ne, na ce saki!" Ni ma na mayar masa, na ce da ya ji magana da ba mu zama abin kallo ba. Mutanen cikin bas suna leƙo mu suna nunawa. Yatsuna suka mutu, igiya ta yanke min fata ban ji ba. A kan gadar sama ƙulli ɗaya ya kwance, sai da na fito da rabin jikina waje na kamo bakin igiyar.

Da muka isa, fasinjojin jirgin Hong Kong sun daɗe da watsewa. Sauran jama'a kuwa ba masaka tsinke, kowa da ƙunshinsa. Barmo ya kutsa yana ture mutane, yana leƙa fuskar duk mai ɗankwali. Ya je ƙofar fita, babu. Ya zagaya wajen masu tasi, babu. Ya tsaya tsakiyar fili a jiƙe sharkaf, ya ɗora hannu a ka.

Ni na hango ta. Tana tsugune jikin wani ginshiƙi, ta rungume jakarta, ta cire mayafinta ta lulluɓe goyon da shi, ita tana karkarwa cikin atamfa.

Da ta ga Barmo ba ta gaishe shi ba. Ta ce, "Malam, na ɗauka ba za ka zo ba."

Sai ya zagaya bayanta ya kwance goyon da kansa. 'Yar fari ce fa. A gida, mutum irin Barmo ko sunanta ba zai kama a gaban mutane ba, balle ya ɗauka. Ya cusa ta cikin rigarsa, ya kifa fuskarsa a kanta, kafaɗunsa na girgiza. Na kau da kai na shiga kallon allon jirage, alhali ko harafi ɗaya ba na iya karantawa.

Yarinyar ta tsala kuka. Madina ta ce, "Malam, hannunka sanyi, kawo ta."

Bai bayar ba.