Muryar da Ke Zuwa a Baya

Shekarar da aka tura ni aikin jinya a wani ƙaramin asibiti a Zandam, ni kaɗai ce Kirista a unguwarmu. Ba wanda ya taɓa yi mini kallon banza, gaskiya. Amma ranar Lahadi kowa na gonarsa, ni kuwa sai in yi sammako in hau babur zuwa Gwaram, daga nan in shiga motar Birnin Kudu, inda muke da 'yar majami'a mai benci takwas.

Ni ke ba da waƙa a zumuntar mata. In ɗauko baiti, mata su amsa, mai tulu tana bugawa. Ina da murya, kuma na san ina da ita, to ka ji inda matsalar take.

Akwai wata tsohuwa mai sayar da daddawa, kowa Kaka yake ce mata. Kunnenta ya yi nauyi, saboda haka amshinta kullum a makare yake zuwa. Kowa ya rufe baki, sai ka ji muryarta tana jan ƙafa ita kaɗai a baya. Abin yana ci mini rai. Duk da haka ita ce ke ajiye maficinta a kan benci ta kama mini wuri, don ta san daga nesa nake.

Wata Lahadi ana shirin bikin godiya na girbi, muna gwaji, ta sake yi. Na tsayar da waƙar na ce, "Haba Kaka! In ba za ki iya ba, ki yi shiru mana. Dole ne?"

Ta sunkuyar da kai. Matar fasto ta ja ni waje ta wanke ni tas. Ni kuma zuciya ta ɗebe ni, na ce ai Allah yana nan a ɗakina ma, ba sai na sha jijjigar hanya ba. Na ɗauki jakata na tafi.

Lahadin farko na ji daɗin barci. Na tashi na shimfiɗa tabarma, na karanta Littafi Mai Tsarki, na ɗauko waƙa. Na kai ƙarshen baiti na dakata kamar yadda na saba. Shiru. Sai kukan akuyar maƙwabta. Waƙoƙinmu ba a gina su don baki ɗaya ba, rabi naka ne, rabi na jama'a. Na gwada amsa wa kaina, na ji kamar mai taɓin hankali, na bari.

Haka na yi Lahadi tara. Matar fasto ta kira ni sau biyu, na ƙi ɗagawa. Kaɗaici ya ishe ni, ba zan ɓoye ba. Har na koma ƙirƙiro wanki ranar Lahadi don kada in ji tsawon hantsi.

Inna, matar mai gidan da nake haya, ita ta tare ni a bakin rijiya. Ta ce, "Malama, lafiya kwana biyu ba kya zuwa cocin?"

Na ce ina yi a ɗaki.

Ta ce, "Ina jin ki ta katanga, ki fara ki tsaya, ki fara ki tsaya. Kin ga Malam da ciwon gwiwar nan? Sai ya ja ƙafa ya je masallaci, ya ce shi ba zai yi sallah shi kaɗai ba alhali ga jama'a. Ke da ƙafarki lafiya, me aka yi miki?"

Gaskiya ba a yi mini komai ba, ni na yi.

Lahadi ta goma na sayi goro a Gwaram na ƙulle a gefen zani, don Kaka na son goro. Duk hanya ina ta shirya yadda zan durƙusa in ce ta yafe mini. Na shiga an riga an fara. Na duba bencinmu, ba mafici, ba Kaka.

Matar fasto ta matso ta raɗa mini cewa an binne ta mako uku da suka wuce, dalilin kiran da ta yi mini na biyu ke nan. Ta ce har Lahadinta ta ƙarshe sai da ta ajiye maficin nan, ta hana kowa zama a wurin. Kuma tun ranar da na yi mata tsawa ba ta ƙara buɗe baki a waƙa ba.

Lokacin zumuntar mata ya yi, suka juyo suna kallona. Na miƙe da goron a ƙulle, na ba da baiti. Suka amsa gaba ɗaya, suka rufe baki a tare, cif, yadda na daɗe ina so. Mai tulu ta ɗaga kai tana jira in ɗauko na biyu. Ni kuwa ina tsaye, ina jiran muryar da ke zuwa a baya.